Majami'a a tafin hannu: Yadda annobar korona ta raba kan Kiristoci game da sujada ta intanet

Ranar Lahadi 12 ga Afrilu, 2020, ita ce ranar Ista, bikin da Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. Duk wanda ya san Abuja ya san yadda safiyar wannan rana take a kowace shekara: titin filin jirgin sama ya cika da motocin masu zuwa sujada, mata sun ci ado da anko, daga Kubwa zuwa Nyanya kuma babu unguwar da ba a jin kiɗa da waƙoƙin yabo. A wannan shekarar kuwa tsit kake ji. Katafaren ɗakin sujada na Glory Dome, wanda cocin Dunamis ya buɗe a 2018 kuma masu shi ke cewa yana ɗaukar mutum dubu 100, kujeru ne kawai a cikinsa. Limamai sun yi wa'azi suna kallon idon kyamara, masu bi kuma suna zaune a falo, wasu a gaban talabijin, wasu sun haɗa kai a kan wayar salula guda.

Kwana 13 ke nan da fara dokar kullen da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar a ranar 29 ga Maris, wadda ta shafi Babban Birnin Tarayya da jihohin Legas da Ogun, ta kuma fara aiki a Abuja da Legas tun daga daren 30 ga wata. Kafin nan, Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Folasade Yemi-Esan, ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna su yi aiki daga gida. Ofis ya koma waya, makaranta ta koma rediyo da talabijin, ko Majalisar Zartaswa ta Tarayya ma ta yi zamanta na farko ta bidiyo a ranar 13 ga Mayu. Babu wanda ya yi gardama a kan ko takardar da aka amince da ita ta bidiyo ta inganta. Amma a majami'a tambayar ta yi nauyi, domin abin da ake tambaya shi ne ko mutumin da ya zauna a gaban allo ya yi sujada, ko kuwa kallon sujada ya yi.

Amsar da kowace ɗarika ta bayar ta fito ne daga abin da ta daɗe da gaskatawa game da taro, da limami, da Jibin Ubangiji.

Ba sabon abu ba ne

Masu cewa annoba ce ta shigo da na'ura cikin majami'a sun manta da tarihi. Tsofaffin Kiristocin Arewa da yawa da rediyo suka tashi. A 1954 ƙungiyar mishan ta SIM, wadda cocin ECWA ya samo asali daga aikinta, ta buɗe gidan rediyon ELWA a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, yana watsa shirye-shirye da harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1963 kuma Tarayyar Majami'un Lutheran ta Duniya ta buɗe wata tashar a Addis Ababa, wadda ɗakin shirye-shiryenta na Hausa yake a Jos da sunan Muryar Bishara. A ƙauyukan da mai bishara ba ya zuwa sai bayan makonni, akwatin rediyo ne ke karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi, ya koyar da waƙa. A Kudu, Akbishop Benson Idahosa na Benin ya shiga talabijin tun a shekarun 1970, kuma waɗanda suka biyo bayansa sun kafa tashoshinsu na tauraron ɗan'adam. Cocin Redeemed yana da Dove TV, Angalika tana da ACNN a Abuja. A 2017 ma mawaƙin yabo Nathaniel Bassey ya tara dubban matasa a Instagram da tsakar dare, suna waƙa da addu'a har tsawon wata guda.

Sai dai a duk waɗannan shekarun, rediyo da talabijin ƙari ne a kan zuwa majami'a. An yi su don mara lafiya, da matafiyi, da wanda bai taɓa jin saƙon ba. Abin da ya faru a 2020 shi ne ƙarin ya zama shi ne abincin gaba ɗaya, kuma a makon da ya fi kowane mako daraja a kalandar Kirista.

Sabon shugaban Cocin Angalika na Najeriya, Akbishop Henry Ndukuba, wanda ya yi shekaru yana Bishop na Gombe, ya karɓi ragamar shugabanci a Abuja ranar 25 ga Maris, lokacin da an riga an taƙaita yawan masu taruwa. Bikin da a da zai tara bishop-bishop da gwamnoni da ƙungiyoyin mawaƙa daga ko'ina, an yi shi da mutane kaɗan. Kwana biyu bayan haka duniya ta ga Fafaroma Francis yana tafiya shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin Saint Peter na Batikan, yana sa wa filin da babu kowa albarka. Miliyoyin mutane sun kalla daga gida. Hoton ya taɓa zukata ne saboda abin da babu a cikinsa, wato jama'a.

Gurasa da ƙoƙo

Inda aka fi rabuwa shi ne batun Jibin Ubangiji. Ana iya sauraron wa'azi daga nesa, ana iya bin waƙa daga nesa, amma gurasa da ƙoƙo abubuwa ne da ake taɓawa, a ci, a sha.

Matsayin Cocin Katolika a bayyane yake tun kafin annoba. A 2002 ofishin Batikan mai kula da sadarwa ya fitar da takarda a kan coci da intanet, inda ya yaba amfanin intanet wajen koyarwa da isar da saƙo, ya kuma bayyana cewa ba a karɓar sakaramenti ta cikinta. A fahimtar Katolika, gurasa da ruwan inabi suna zama jiki da jinin Almasihu a hannun limamin da aka naɗa, a kan bagadin da yake tsaye. Burodin da mai kallo ya ajiye a gaban talabijin burodi ne kawai, komai tsarkin niyyarsa. Haka ma furta zunubi ga limami ba ya yiwuwa ta waya. Abin da aka ba masu bi a madadin shi ne tsohuwar al'adar nan ta tarayya cikin ruhu, wato addu'ar da mutum ke yi yana bayyana marmarinsa na karɓar Jibin da ba shi da halin karɓa. Bishop-bishop sun ɗage wajabcin halartar Mas na Lahadi, suka kuma ƙarfafa mutane su kalla a gida. Ke nan kallon bai cike gurbin halarta ba, an dai yafe halartar ne saboda lalura.

Fafaroma Francis da kansa, wanda tun 9 ga Maris ake yaɗa Mas ɗinsa na kowace safiya kai-tsaye daga masaukinsa na Santa Marta, ya yi gargaɗi ranar 17 ga Afrilu cewa akwai haɗari idan imani ya koma na kowa shi kaɗai a gaban allo, babu jama'a babu sakaramenti. Ya ce halin da ake ciki na matsi ne, kuma manufa ita ce a fita daga cikinsa. A watan Mayu ya dakatar da yaɗa Mas ɗin da zarar an fara buɗe majami'u a Italiya. Daga baya Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini wanda a lokacin yake shugabantar ofishin kula da tsarin sujada, ya rubuta wa bishop-bishop na duniya cewa babu wani yaɗa shiri da zai kai halartar mutum da jikinsa.

Angalika tana da nata tanadin, kuma daɗaɗɗe ne. Littafin Addu'a na 1662, wanda ya fito daga Ingilar da ta sha fama da annoba, ya yi bayanin cewa mara lafiyar da wani dalili ya hana shi karɓar Jibi da baki yana samun amfaninsa ta wurin tuba da bangaskiya. Har ma yana da ƙa'ida ta musamman game da lokacin cuta mai yaɗuwa, sa'ad da maƙwabta ke tsoron shiga gidan mara lafiya. Waɗanda suka rubuta shi ba su san kyamara ba, amma sun san rufaffiyar ƙofa.

A majami'un Fentikos da yawa kuwa ba a ga wata matsala ba. Fasto zai ce kowa ya tanadi burodi ko biskit da abin sha a gida, idan lokaci ya yi ya ɗaga hannu ya yi addu'a a kansu ta cikin allo, iyali su ci tare. Hujjarsu ita ce ikon yana cikin bangaskiya da Kalmar da aka furta, kuma nisa ba ya tare shi. Sukan kafa misali da labarin jarumin sojan Roma da Yesu ya warkar da bawansa ba tare da ya shiga gidansa ba. Mutumin da ya saba ɗora hannu a kan talabijin idan mai wa'azi ya ce a yi haka, bai ga abin mamaki a cikin wannan ba.

Majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, waɗanda mafi yawan masu sujada da Hausa ke cikinsu, sun fi ba wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki muhimmanci a sujadar mako, kuma ba kowace Lahadi ake yin Jibi ba. Don haka jinkirta shi bai zama musu babban rikici ba. Abin da suka rasa wani abu ne daban, wanda ba a cika rubuta shi a littattafan tauhidi ba: zumuntar mata da gangunansu da tulunansu, gwajin waƙa na yamma, ziyarar gidan makoki, da gaisuwar bakin ƙofa bayan an tashi, wadda a nan ne ake jin wanda aka sallama daga aiki da wadda ɗanta ke kwance a asibiti. Ma'aikacin da ya baro Kagoro ko Langtang ko Michika ya zo Abuja, sau da yawa majami'ar Hausa ce danginsa a birni. A can ake nema masa ɗaki, a can ake tara masa gudummawa idan zai kai gawa gida. Facebook bai iya ɗaukar wannan nauyin ba.

Aya da aya

Kowane ɓangare yana da nassin da ya riƙe. Masu goyon bayan zama a gida sun yawaita ambaton Matiyu 18:20, ayar da ke tabbatar da kasancewar Almasihu a taro komai ƙanƙantarsa, suna kuma tunatarwa cewa Kiristocin farko a gidajen mutane suke taruwa, ba su da gini. Sun ƙara da cewa wasiƙun Manzo Bulus su ne na'urar sadarwar zamaninsa, domin daga nesa, wani lokaci daga kurkuku, yake koyar da ikkilisiyoyin da ba zai iya zuwa wurinsu ba. Masu son a buɗe kuma sun riƙe Ibraniyawa 10:25, wadda ke gargaɗi game da barin taruwa. Akwai ma wata gajeriyar wasiƙa ta Yahaya inda marubucin ya nuna ya fi son ya zo a yi magana ido da ido a kan ya ci gaba da rubutu. Mai karatu da adalci zai ga cewa littafin ya yarda da saƙon nesa, ya kuma ɗauke shi a matsayin abin da bai kai haɗuwa ba.

A cikin manyan malamai, Bishop David Oyedepo na cocin Living Faith ne ya fi ɗaga murya. Bayan an fara sassauta kulle a ranar 4 ga Mayu, ya yi tambaya a bainar jama'a kan dalilin da zai sa a buɗe kasuwa na sa'o'i masu yawa amma a hana majami'a sa'o'i biyu, yana ganin akwai manufar daƙile ikkilisiya a ciki. Fasto Tunde Bakare ya ɗauki wata hanyar, inda ya shawarci manyan majami'u su ba gwamnati ɗakunan taronsu a mayar da su wuraren killace masu cutar. Fasto Sam Adeyemi na cocin Daystar ya tunatar da jama'a cewa an rufe majami'u da masallatai da makarantu a lokacin murar 1918, kuma cocinsa bai yi gaggawar buɗewa ba ko da aka ba da izini.

Tambayar Oyedepo tana da ƙarfi ga duk wanda ya ga cunkoson kasuwar Wuse ko layukan bankuna a makon da aka sassauta. Amma likitoci suna da amsa. Mai sayayya yana wucewa ne, galibi a sarari, mai sujada kuwa yana zama ne a rufaffen ɗaki na tsawon sa'o'i, kafaɗa da kafaɗa, yana waƙa da ƙarfi. A jihar Washington ta Amurka, gwajin waƙa guda da mutum 61 suka halarta a watan Maris na 2020 ya bar fiye da 50 da cutar, biyu suka mutu. A Koriya ta Kudu ma daga taron wata majami'a a birnin Daegu cutar ta bazu. Abin da ya sa sujada ta zama sujada, wato kusanci da haɗa murya, shi ne abin da ƙwayar cutar ke so.

Ambaton 1918 da Adeyemi ya yi ya cancanci a tsaya a kansa. A wannan shekarar, sa'ad da mura ta sa aka rufe majami'u, wasu 'yan Angalika a Ijebu-Ode, ciki har da Joseph Shadare da wata malamar makaranta mai suna Sophia Odunlami, sun fara taruwa don addu'ar neman waraka. Ƙungiyarsu ta ƙulla alaƙa da cocin Faith Tabernacle na Filadelfiya ta hanyar ƙasidu da wasiƙun da ke zuwa ta gidan waya, kuma tana cikin tushen majami'un Aladura, har da Christ Apostolic Church. Rufe ƙofa na ɗan lokaci ya haifar da reshen Kiristanci da ya wuce shekara ɗari yana nan.

Wanda ke da data da wanda ba shi da ita

A Maitama da Asokoro, sujada ta intanet na nufin babban allo, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet na gida. A Gwagwa ko Mararaba ko Masaka lissafin daban ne. Bidiyo na sa'o'i biyu yana cinye data mai yawa, kuma masinja ko direba ko mai shara da ke karɓar abin da bai wuce mafi ƙarancin albashi na wancan lokacin, wato Naira 30,000, da yawa ba, dole ya zaɓa tsakanin kallon wa'azi da cefanen yini, a lokacin da farashin abinci ke hawa. Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a 2020 sun nuna cewa yaɗuwar intanet mai sauri bai kai rabin ƙasa ba. A ƙauyukan Gbagyi da ke Kwali da Kuje da Abaji, wayar da ke hannun mutane da yawa ba ta nuna bidiyo ma.

Don haka ƙananan majami'u suka koma ga abin da ya sawwaƙa. Fasto ya naɗi wa'azi na minti goma da murya ya tura a zauren WhatsApp. Sakataren ikkilisiya ya aika ayoyin mako ta gajeren saƙo. Wasu sun sayi lokaci a gidan rediyo, wasu sun bar wa kowane magidanci ya jagoranci iyalinsa da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Wannan na ƙarshe ya tona wani abu da fastoci da kansu suka yi ta magana a kai daga baya: iyaye da yawa sun daɗe da miƙa wa malaman makarantar Lahadi tarbiyyar addinin 'ya'yansu, kuma ranar da aka ce su buɗe littafin da kansu sai abin ya yi musu wuya.

Wasu kuma ba su bi dokar ba sam. Jami'an tabbatar da bin doka na Babban Birnin Tarayya sun kama fastoci da limaman masallatai da suka tara jama'a, aka gurfanar da su a kotunan tafi-da-gidanka.

Ga kuma batun baiko. Masu suka sun ce kuɗi ne kawai ke sa manyan fastoci neman a buɗe. Maganar ta fi sauƙin faɗa a kan tabbatarwa, domin manyan majami'u ne suka fi saurin daidaitawa: lambar asusun banki da lambar tura kuɗi ta waya suna yawo a ƙasan allo tun makon farko. Wanda ya ji jiki shi ne faston ƙaramar majami'a da mai bisharar ƙauye, waɗanda albashinsu ke fitowa daga Naira hamsin da ɗari da ake jefawa a kwano ranar Lahadi. Idan babu taro babu kwano.

Tsoron 5G

A daidai lokacin da majami'u suka dogara da intanet, sai wani ɓangare ya fara kallon na'urar kanta a matsayin abokiyar gaba. A farkon Afrilu, Fasto Chris Oyakhilome na cocin Christ Embassy ya danganta annobar da fasahar sadarwa ta 5G, yana cewa an kulle Legas da Abuja ne don a samu damar shimfiɗa ta. Saƙon ya bazu a zaurukan WhatsApp, ya haɗu da tsohon tsoron alamar dabba da ke cikin sura ta 13 ta Ru'ya ta Yohanna, da jita-jitar cewa za a dasa wa mutane wata 'yar na'ura a jiki ta cikin allurar rigakafi. Abin lura shi ne Oyakhilome yana cikin fastocin da suka fi zuba jari a fasaha, da tashoshin tauraron ɗan'adam da manhajarsa ta KingsChat, kuma ta waɗannan hanyoyin ne gargaɗin nasa ya isa duniya.

Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya fitar da sanarwa cewa ba a ba kowa lasisin 5G a Najeriya ba, gwaji ne kawai na wata uku aka yi tun daga Nuwamban 2019. Gaskiya ne, domin sai a Disamban 2021 aka yi gwanjon lasisin, inda MTN da Mafab suka yi nasara. A Birtaniya, inda aka ƙona wasu turakun sadarwa saboda irin wannan jita-jitar, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Ofcom ta hukunta tashar Loveworld a 2020, sannan ta ci ta tarar fam 125,000 a watan Maris na 2021. Fastoci irin su Sam Adeyemi da Matthew Ashimolowo sun fito fili sun ƙaryata alaƙar 5G da cutar.

Duk da haka tsoron ya bar tabo a harkar mulki. Ƙudirin dokar daƙile cututtuka masu yaɗuwa da Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya gabatar a ƙarshen Afrilun 2020 ya gamu da turjiya mai zafi, kuma Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya tana cikin waɗanda suka nemi a dakatar da shi. Wasu dalilan na tsarin mulki ne, game da yawan ikon da ƙudirin ya ba jami'an lafiya, amma fargabar tilasta rigakafi ce ta fi yawo a bakin jama'a. Da rigakafin AstraZeneca ya iso ranar 2 ga Maris, 2021, Shugaba Buhari da Mataimakinsa Yemi Osinbajo, wanda fasto ne a cocin Redeemed, sun karɓa a gaban kyamara ranar 6 ga wata. Batikan ta riga ta bayyana tun Disamban 2020 cewa karɓar rigakafin ya halatta. Oyedepo kuwa ya faɗa wa mabiyansa cewa shi ba zai karɓa ba. Sa'ad da Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, ya sanar cewa daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikacin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da shaidar rigakafi ko sakamakon gwaji, akwai ma'aikatan da suka tsinci kansu tsakanin maganar fastonsu da takardar ofishinsu.

Bayan an buɗe ƙofa

A farkon Yunin 2020 Kwamitin Shugaban Ƙasa ya sassauta hanin wuraren ibada, bisa sharuɗɗan takunkumin fuska da wanke hannu da ba da tazara da taƙaita lokaci. Legas ba ta buɗe ba sai a watan Agusta. Mutane sun koma, a wurare da yawa da murna da hawaye. Amma kyamarar da aka saya a lokacin kulle ba ta koma cikin kwali ba. A yau da wuya a shiga majami'a mai matsakaicin girma a Abuja ba a ga wasu matasa a gefe da kwamfuta da na'urar haɗa sauti ba, kuma sashen yaɗa shirye-shirye ya zama reshe mai kasafin kuɗinsa kamar ƙungiyar mawaƙa. Tsofaffi da marasa lafiya da 'yan ikkilisiyar da suka yi ƙaura zuwa Kanada ko Ingila suna bin sujadar gida daga inda suke, ma'aikacin jinya ko jami'in tsaron da aiki ya riƙe ranar Lahadi yana kallo da dare.

Fastoci suna da ƙorafinsu. Akwai waɗanda suka saba da sujadar kan kujera ba su dawo ba, ko suna zuwa jefi-jefi. Akwai kuma gasar da ba a taɓa yi ba: faston unguwa yanzu yana gogayya da kowane shahararren mai wa'azi a duniya, domin duk suna cikin waya ɗaya. Mutum zai iya zama ɗan ECWA a rajista, ya saurari wani a YouTube da safe, ya tura baikonsa ga na uku. Wanda ake saurara a allo ba ya sanin sunan mai sauraro, ba zai zo jana'izar mahaifiyarsa ba, ba zai kuma tsawata masa ba. Ga wasu wannan hasara ce, ga wasu kuma shi ne daɗin abin.

Babu abin da ya fi nuna sauyin kamar shirin addu'ar safe na Fasto Jerry Eze na cocin Streams of Joy, wanda ya fara a intanet a lokacin kullen 2020 kuma bai tsaya ba. Ana yin sa da ƙarfe 7 na safe a ranakun aiki, kai-tsaye a YouTube da Facebook da Instagram, masu kallo daga ƙasashe da dama suna rubuta amin da buƙatunsu a ƙasan bidiyon, wasu suna tura kyautar kuɗi ta tsarin YouTube ɗin kansa, har rahotanni suka riƙa sanya shi cikin waɗanda suka fi samun irin wannan kuɗin. 'Yan Katolika da 'yan Angalika da 'yan Baptis suna cikin masu bin sa, ba tare da sun bar majami'unsu ba. Ƙarfe 7 kuwa shi ne lokacin da ma'aikatan da ke fitowa daga Mararaba da Nyanya suke maƙale a cunkoson hanyar shiga gari, don haka a motocin haya da bas-bas na ma'aikatu ake yin wani kaso na wannan addu'ar, da abin sauraro a kunne da katin shaidar aiki a wuya.